Kyautar Doki: Wa Ke Riƙe da Makullan Kwamfutocinmu?

A ƙarshen wani zangon karatu na uku, wani aminina da ke shugabantar wata makarantar kuɗi a Sabon Garin Wudil ya kira ni bayan isha'i, muryarsa kamar ta wanda aka yi wa sata. Babu abin da aka sata. Sakamakon jarrabawar ɗalibansa ne ya maƙale a shafin makarantar na intanet, iyaye suna ta sintiri, shi kuwa matashin da ya gina shafin yana can sansanin masu yi wa ƙasa hidima a wata jihar Kudu, wayarsa ba ta shiga. Kalmar sirrin uwar garken tana cikin kansa. Kuɗin hayar sunan shafin da katin bankinsa ake biya. Rubutun manhajar kacokan, kamar yadda muka gano daga baya, yana cikin kwamfutarsa ta hannu, a wata jaka da ya raɗa wa suna "na ƙarshe", kusa da wata mai suna "na ƙarshen ƙarshe". Da aka same shi bayan kwana huɗu, cewa ya yi: "Wallahi Malam, ban zaci za a buƙaci shiga ba kafin in dawo." Aminin nawa ya ce: "Ɗana, ni ai ban ma san akwai ƙofar da ake kullewa ba."

Ba wanda ya cuci wani a wannan labari, kuma abin da ya sa ya tsaya mini a rai ke nan. Yaron kirki ne, aikinsa ma bai da laifi. A jami'a ana koyar da kula da na'urori daban, adana tarihin sauye-sauyen manhaja daban, tsaron kwamfuta daban, kowanne da malaminsa da jarrabawarsa. A wajen aji kuwa tambaya ɗaya ce duka ukun ke amsawa: wa aka ba amana, kuma me zai rage a hannunmu idan ya yi tafiya, ko ya gaji, ko ya ci amanar?

Duk abin da yaron nan ya yi gini da shi, kyauta ya ɗauko. Ita manhaja jerin umarni ce da mutum ke rubuta wa na'ura. Kamfanoni irin su Microsoft sukan sayar maka da ikon amfani da ita su ɓoye rubutun, kamar mai magani da zai ba ka ƙulli ya ƙi faɗa maka saiwoyin da ya daka. Akwai kuma wadda ake kira mai buɗaɗɗen tushe: rubutunta a fili yake, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu. Richard Stallman ne ya ɗaga tutar wannan ra'ayi a Amurka a 1983 da shirin GNU, sannan a 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya saki Linux. Yau Linux ce ke ƙarƙashin kowace wayar Android, wato galibin wayoyin da ake ciniki da su a karar Wudil ranar Juma'a, ana aika hoton sa zuwa Legas ana jiran shigowar kuɗi. Tun daga Nuwamban 2017, duk kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki.

Ba sai mun je nesa ba ma. Alƙaluman da asibitoci da ƙananan cibiyoyin lafiya ke tattarawa duk wata, na haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro, cikin DHIS2 ake zuba su, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar ginawa, ƙasashe sama da 70 na amfani da ita. SORMAS, wadda hukumar NCDC ta bi diddigin korona da ita, an fara ta ne bayan Ebolar 2014, da haɗin gwiwar masanan Nijeriya da cibiyar Helmholtz ta Jamus, kuma rubutunta a buɗe yake. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda ta kafu a 2009 take da mazauni a Kano, ta yi aiki da irin waɗannan manhajoji a yaƙin da aka yi da shan-inna. Shafukan makarantu da jaridu da ƙungiyoyi da yawa a kan WordPress suke. Wikipedia ta Hausa a kan MediaWiki take. Mutum zai iya wuni a Wudil, daga gada zuwa ƙofar jami'a, yana taɓa buɗaɗɗiyar manhaja sau ɗari bai taɓa jin sunanta ba.

Kalmar "kyauta" ce ke yaudararmu. Irin kyautar doki ce: wanda ya ba ka bai karɓi ko kwabo ba, amma daga yau harawa da dusa da kanwa da mai share turke duk a wuyanka suke. Wanda ya ɗauki Linux ko WordPress ya girka, ya tafi bai sake waiwaya ba, ya ɗaure doki ne ya manta da shi.

Bari in fara da maganar kundin sauye-sauye, don ita ce ta fi burge ni, kuma ita ce Bahaushe zai fi saurin ganewa idan aka bar shi ya gane ta da abin da ya sani.

Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a karɓar magana sai da sanadi: wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane. Ba ina haɗa darajar wannan ilimi da aikin na'ura ba ne, tsarin tunanin kawai nake aro. Git, manhajar da kusan duk maginan manhaja ke adana aikinsu da ita a yau, a kan irin wannan tunani take. Torvalds ne ya rubuta ta a Afrilun 2005, bayan masu aikin Linux sun rasa izinin amfani kyauta da BitKeeper, manhajar da suke adana aikinsu da ita a da, kuma cikin 'yan watanni ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano, wanda ke riƙe da ita har yanzu. A cikin Git, duk gyaran da aka yi ana ƙulle shi da sunan mai gyaran, da lokaci, da bayanin dalili. Sai na'ura ta lissafa wa ƙullin wani tambari mai haruffa da lambobi 40, wanda ya dogara da abin da ke cikin gyaran da kuma tambarin gyaran da ya gabace shi. A nan hikimar take. Idan wani ya lallaɓa ya sauya harafi ɗaya a gyaran da aka yi shekara biyar baya, tambarin wannan gyaran zai sauya, na bayansa ma ya sauya, haka har zuwa na yau. Sarƙar za ta tona kanta. Ƙari a kan haka, duk wanda ya kwafi rumbun aikin ya kwafi tarihinsa gaba ɗaya, don haka babu kwafi ɗaya tilo da ɓarawo zai gurɓata ya huta.

An gwada wannan a aikace. A Nuwamban 2003, tun kafin Git, wani ya kutsa ya cusa layi biyu a wani kwafin rumbun Linux. Ga mai karatun gaggawa, layukan duba kuskure suke yi. Amma a inda ya kamata a sa alamar daidai guda biyu, wato tambaya, an sa guda ɗaya, wato umarni, kuma umarnin shi ne a ba mai amfani cikakken iko a kan na'ura. Abin da ya tona asirin shi ne gyaran bai da asali: babban rumbu bai san da shi ba, babu wanda ya amince da shi. Magana ce marar sanadi, aka yi watsi da ita. A 2004 masu Linux suka ƙara ƙa'idar cewa duk wanda gyara ya bi ta hannunsa sai ya rattaba sunansa a ƙasa, daga marubuci har zuwa wanda ya shigar da shi. A 2011 kuma aka kutsa cikin uwar garken kernel.org kanta, inda ake rarraba Linux, amma aka samu natsuwa game da rubutun, saboda dubban mutane na riƙe da kwafinsa da tamburansa, duk wani sauyi da ya bayyana.

Mai gyara Wikipedia ta Hausa ya san ɗanɗanon wannan ko bai taɓa jin Git ba: kowane shafi yana da tarihi, ana ganin wanda ya ƙara da wanda ya goge, ana kuma iya mayar da shafi yadda yake jiya. Yanzu a kwatanta da jakar "na ƙarshen ƙarshe". A kwatanta da takardar maki da ke yawo a filas daga ofis zuwa ofis, wadda idan 38 ta koma 83 ba mai iya cewa ga ranar, ga hannun. Ni a ganina rashin wannan kundi ya fi cutar da mai gaskiya fiye da kowa, domin ranar da zargi ya tashi ba shi da abin wanke kansa sai rantsuwa.

Sai dai Git ba waliyyiya ba ce. Sunan da ke jikin gyara, kowa na iya rubuta wanda ya ga dama, sai in an tilasta sa hannu na sirri wanda ake iya tantancewa. A Maris na 2021 wasu suka cusa mugun gyara a rumbun harshen PHP da sunan Rasmus Lerdorf, mutumin da ya ƙirƙiro harshen. An gano da wuri, masu aikin suka daina amfani da uwar garkensu suka koma GitHub, shafin da ke adana wa mutane rumbunan Git. Sannan kundin da ba ya mantuwa yana da nasa haɗarin. Ɗalibai da yawa sukan tura aikinsu GitHub da kalmar sirrin rumbun bayanai a ciki, in sun farga sai su goge ta a gyara na gaba, su ɗauka an wuce wurin. Tana nan daram a tarihi, kuma akwai na'urorin da ba su da aiki sai laluben irin wannan dare da rana. Maganinta ɗaya ne, a sauya kalmar. Manya ma sun faɗa wannan rami: a 2016 an kwashe bayanan mutum miliyan 57 daga kamfanin Uber, da makullin da aka tsinta a rumbunsa na GitHub.

Sanadi kuma, kamar yadda malamai suka sani tun da daɗewa, rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin halin mutanen da ke cikinsa. Nan ne labarin xz ya shigo, kuma ina ganin ya kamata duk ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke nan Wudil ya san shi kamar yadda ya san hanyar ɗakin kwanansa.

Ita xz 'yar ƙaramar manhaja ce ta matse fayil don ya rage girma. Ba mai kula ta, amma kusan kowace Linux na ɗauke da ita. Mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗawainiya da ita a lokacin hutunsa, ba albashi. A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara aiko da gyare-gyare, ƙanana, masu amfani, cikin ladabi. A 2022 sai wasu sunaye da ba a san su ba suka taso Collin a gaba da wasiƙu: aiki ya tsaya, kana ɓata wa mutane lokaci, in ba za ka iya ba ka ba wani. Collin ya amsa cewa yana fama da rashin lafiya, kuma aikin sa kai ne. Suka ci gaba da matsa masa. A hankali ya buɗe wa Jia Tan ƙofa, har ya zama shi ke fitar da sabbin zubi. A Fabrairun 2024 zubi na 5.6.0 ya fito, a Maris na 5.6.1 ya biyo, dukansu ɗauke da ɓarauniyar hanya wadda za ta ba mai riƙe da wani makulli na musamman damar shiga uwar garke ta SSH, wato ƙofar da masu kula da na'urori ke bi su yi aiki daga nesa. An ɓoye gubar a cikin fayilolin gwaji da ido ba ya iya karantawa, kunamar da ke tayar da ita kuma an sa ta a ƙunshin da ake rarrabawa kawai, babu ita a rumbun Git da mutane ke dubawa.

Wanda ya gano ba ma'aikacin tsaro ba ne. Andres Freund injiniya ne a Microsoft, aikinsa a kan rumbun bayanai na PostgreSQL. Yana gwaje-gwajensa a kan zubin gwaji na Debian, ɗaya daga nau'o'in Linux, sai ya lura shiga ta SSH na cin ƙarfin na'ura fiye da kima, tana kuma jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Wani zai ce matsalar netwok ce ya wuce. Shi ya bi sawu, ranar 29 ga Maris 2024 ya sanar da duniya. A lokacin gubar ta shiga zubin gwaji na Debian da Fedora da wasu, ba ta kai ga manyan zubin da bankuna da gwamnatoci ke dogaro da su ba. Har yau ba a bayyana ko wane ne Jia Tan ba.

Duk wanda ya san kara ya san wannan labari da wata fuska. Baƙo ya sauke shanu, mai saye bai san shi ba, bai san garken da suka fito ba. Dillali ne ke tsayawa, da sunansa da mutuncinsa, cewa dabbar nan ba ta sata ba ce. Kasuwar gaba ɗaya a kan wannan tsayuwa take tafiya. To a ce wani ya zo ya yi shekara biyu yana yi wa tsohon dillali hidima, ba ya cin la'adar kowa, ba ya ƙarya a ciniki, yana jiran ranar da tsohon zai gaji ya ce "riƙe mini wurin". Wace takarda ce za ta kama shi? Sarƙar Git ta xz ba ta tsinke ko'ina ba. Kowane gyara da sunan mai shi. Mai shi ne maƙaryaci.

Masu son buɗaɗɗiyar manhaja sukan ce idanu da yawa na kanta, don haka kuskure ba ya ɓuya. Gaskiya ce rabi. Buɗewar ce ta ba Freund damar bin sawu har gindin matsalar, wannan babu musu. Amma damar dubawa daban, dubawa daban. Kuskuren Heartbleed ya zauna shekara biyu a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin shafukan intanet masu ɗimbin yawa, kafin a gano shi a Afrilun 2014. Da aka leƙa, sai aka tarar gudummawar da aikin ke samu ba ta wuce dala 2,000 a shekara ba, mutum ɗaya ne kuma ke yinsa a matsayin cikakken aiki. A Disamban 2021 aka maimaita da Log4j, wadda 'yan sa kai ke kula da ita. Kamfanonin da ke juya biliyoyi suna hawan dokin, ba mai tambayar wa ke yanko harawa. An ɗan farka daga baya: an kafa gidauniyar OpenSSF a 2020, Jamus ta buɗe asusun tallafa wa irin waɗannan ayyuka a 2022. Xz ta nuna farkawar ba ta kai ko'ina ba tukuna.

Wani zai ce to a koma wa manhajar kuɗi mana, a huta. Ban ga hutun ba. A 2020 an cusa guba a sabuntawar SolarWinds, manhajar kuɗi mai rufaffen tushe, ta shiga ma'aikatun gwamnatin Amurka ta ƙofar gaba, aka yi watanni ba a sani ba. A Yulin 2024 kuskuren sabuntawa ɗaya daga kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Balle mu nan, mu faɗa wa kanmu gaskiya, zaɓin da ke gaban mai kafe ko mai shagon buga takardu ba tsakanin Linux da Windows ta halal yake ba. Windows ɗin da aka fasa ce, wadda wani wanda ba a sani ba ya cire wa makulli ya ƙara abin da ya ga dama, aka kashe mata sabuntawa don kada ta farga. A irin wannan na'ura ake shigar da lambar NIN da bayanan JAMB da hoton fasfo na yaran unguwa. Microsoft ta daina yi wa Windows 7 faci tun Janairun 2020, ta kuma sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10. Tsofaffin kwamfutocin da ake shigowa da su na hannu, da yawansu Linux ce kaɗai hanyar da ta rage musu ta samun faci na halal.

Wannan ya kawo mu ga mutumin da ba a gani, mai kula da na'urori. Aikinsa irin na mai gadi ne: idan ya yi shi da kyau ba abin da ke faruwa, idan ba abin da ya faru sai a fara tambayar amfaninsa. Mafi yawan ɓarnar da ake yi ba ta buƙatar wayon Jia Tan. A 2017 aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147 daga kamfanin Equifax na Amurka, ta wata kafa a manhajar Apache Struts. An fitar da facin kafar a Maris, ɓarayin suka shiga a Mayu. Wata biyu faci na ajiye ba a liƙa ba. Shafukan WordPress na makarantu da ƙungiyoyinmu da ake wayar gari a ga sun koma tallan caca, yawanci labarin ke nan: an girka, an ƙara wasu 'yan manhajojin ado da aka sauko da su daga inda bai kamata ba, an bar kalmar sirri sunan makaranta da shekarar kafuwarta.

Sai ajiyar ko-ta-kwana. Kowa zai ce maka yana da ita. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da sana'arsa ke nan adana aikin mutane, ya goge rumbun bayanai na gaske yana zaton na gefe ne, cikin dare, a gajiye. Kusan gigabayit 300 suka tafi. Suna da hanyoyin ajiya biyar, da aka zo buƙata ba wadda ta yi aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su. Abin da na yaba musu shi ne ba su rataye injiniyan ba, sun fito sun bayyana yadda tsarinsu ya bar mutum ɗaya mai jin barci ya iya yin wannan ɓarna. Ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da ita ba, fata ce kawai ake yi. Mu kuma a nan muna da ƙarin abokan gaba da littattafan waje ba su cika ambata ba: wutar da ke ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi, ƙurar hunturu da ke toshe fanka, zafin bazara a ɗakin da na'urar sanyaya shi ta mutu tun bara, batirin inbata da ya gaji. Faifan ajiya da ke kan teburi ɗaya da kwamfutar, wuta ɗaya ce za ta ci su, ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su.

Amma abin da ya fi damuna shi ne matsayi. A ofisoshinmu da makarantunmu, mai riƙe da makullan nan yawanci shi ne mafi ƙanƙanta: ɗan hidimar ƙasa, ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki, ɗan ƙanin mai gida "da ya iya kwamfuta". Ba ya cikin taron shugabanni, ba shi da kasafi, ba zai iya ce wa oga "ranka ya daɗe, ba zan ba ka kalmar sirrin kowa ba". Ga shi yana iya karanta albashin kowa, ya sauya makin kowa, ya goge komai da layi ɗaya. Ma'ajin kuɗi ba a barinsa haka. Ana sa masa mai binciken littafi, ana sa hannu biyu a cek, in zai bar aiki sai ya miƙa takardu. Mai kula da na'ura kuwa sai ya tafi da ofis ɗin a aljihu, ba don mugunta ba, don ba wanda ya ce ya ajiye. Lasse Collin da yaron makarantar aminina, a wannan fuska, matsalarsu ɗaya: kaya mai nauyi a kan mutum ɗaya, masu amfana kuma ba su ma san yana ɗauke da shi ba.

Doka ta riga ta wuce mu a nan. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora alhakin bayanan mutane a kan wanda ya tara su, makaranta ce ko asibiti ko shago, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 idan aka yi kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Akwai kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. Shugaban da ba shi da kundin wanda ya shiga da wanda ya fita, ta yaya ma zai san an yi kutsen, balle ya ƙirga awanni?

Wudil kuwa ba ta rasa hannu ba. Gari ne mai jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, ga Makarantar Horar da Jami'an 'Yan Sanda, wadda ɗalibanta gobe su ne za a kai wa ƙarar kutse da damfarar intanet, ga Kano kilomita 40 kacal. Da ni ke da ta cewa a sashen kwamfuta, ba zan karɓi aikin kammala karatu a filas ko a ɗaure cikin bango mai ruwan gwal kaɗai ba. Zan ce a kawo rumbun Git da tarihinsa tun daga makon farko. Wanda ya yi aikinsa da kansa za a ga yadda ya yi ta faɗuwa yana tashi wata shida. Wanda ya saya kuwa aikinsa zai sauko ƙulli ɗaya, daren jajibiri, kamar an jefo shi daga sama. Zan kuma so kowane ɗalibi ya aika gyara ko ɗaya ga wata buɗaɗɗiyar manhaja ta gaske, ko fassarar Hausa ce, don ya ɗanɗana yadda baƙo ke karanta rubutunka ya mayar maka da shi ya ce sake. Masu binciken HausaNLP sun riga sun nuna ana iya wannan daga nan, bayanansu a buɗe suke ga kowa. Ƙungiyar Open Source Community Africa ma tun 2018 take jan matasa zuwa wannan fage, ko da yake har yanzu ƙarfinta ya fi yawa a Legas.

A makarantar aminina, da yaron ya samu hutu ya zo, mun zauna mu uku a ofis ranar wata Asabar. Aka mayar da sunan shafin da kuɗin hayarsa kan asusun makaranta. Aka zuba rubutun manhajar a rumbun Git mallakin makaranta, bayan an tsame kalmomin sirri daga ciki an sauya su. Aka buɗe wa malamar lissafi nata asusun, da ikon shigar da maki kawai, aka rubuta babban makullin a takarda, aka liƙe a ambulan, aka sa a inda ake ajiye takardun filin makarantar. Yaron ya ce yana da ajiya a wani faifai. Na ce a gwada. Muka jona, muka buɗe, sai ga jakar da sunanta da kwanan watanta, ciki babu komai: umarnin kwafin ya daina aiki tun zango na farko, ba wanda ya duba. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Malam, a ba ni awa ɗaya." Ya ɗauki uku. Gwaji na biyu ya dawo da sakamakon aji shida cif, har da na yarinyar da mahaifinta ya fi kowa sintiri.

Aminin nawa ya ɗauko kalandar bango ya zagaye ranar gwaji na gaba, farkon zango mai zuwa. Ta faɗo Juma'a. Ya goge ya mayar Asabar, ya ce ranar kasuwa ba mai zama.